Yadda Baffa Moutari Ya Nemo Mana Aure a Kan Teku

Jama'a, kwana shida ke nan wata magana ta tsaya mini a maƙoshi. Ko tuwo na tuƙa sai ya yi gudaji. Jiya tiram, jirgin cikin gari, ta wuce da ni unguwarmu Guillotière da tasha uku, ina rungume da ledar albasa, ban ma lura ba. Maganar auren ɗana na fari ce. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, za ku ji shi a bakin wasu. Amma kafin in gaya muku damuwar sai na ba ku labarin Baffa Moutari, don daga shi abin ya taso. Ni ban je ba, uwa ba ta zuwa neman aure. Ƙanena Abdul'aziz ne ya je, ya dawo ya zayyana mini kaf yana share hawayen dariya, sauran kuma na gani da idona a waya.

"Teku? Ni za a gaya wa teku?"

Haka Baffa Moutari ya fara, ranar Juma'a, a falona, yana miƙe da ƙafafu a kan kujerar da ba a zama a kanta sai an yi baƙi. Yayan maigidana ne. A Sevran yake zaune, can gefen Paris, shekara ashirin da biyu yana tura kwalayen tumatir a kasuwar Rungis, amma in ka tambaye shi aikinsa zai ce maka shi ke ciyar da Paris. Gajere ne, cikinsa ya fi shi girma, muryarsa ta fi su duka biyun. Ya sauko Lyon ne don ya jagoranci neman auren Halimatou, yarinya natsattsiya da ta gama karatun haɗa magunguna. Waliyyinta Malam Chaibou, ƙanen babanta, malamin lissafi ne, mutum mai magana kamar da cokali ake auna masa ita. Tun farko ya aiko mana cewa yaro ya gan shi, ya yaba, yanzu manyan gidan yake son gani kafin ya ce wani abu. To kun ji inda gabana ya fara faɗuwa.

Abin da muka shirya mai sauƙi ne. A hau bene na uku gidan Malam Chaibou, a zauna a kan kafet, a miƙa goro, a yi fatiha, a sauko. Rabin awa.

"A falo?" in ji Baffa Moutari. "Kamar masu zuwa ta'aziyya? Haba, ku mutanen Lyon har yanzu ƙauyanci bai sake ku ba. Salim fa ɗana ne. Na ga hoton wani tsibiri, Frioul sunansa, a bangon gar, tashar jirgin ƙasa, ruwa shuɗi kamar an zuba bula. Daga nan Marseille awa biyu ba ta cika ba, a shiga bato, jirgin ruwa ke nan, minti talatin mun sauka. Can za mu nemi aure, iska na kaɗawa. Sai an yi shekara goma ana labarin."

Wannan kam ya faɗi gaskiya.

Maigidana ya sosa ƙeya ya ce, "Yaya, ka taɓa shiga bato kuwa?"

Nan fa aka buɗe. Wai shi ya ƙetare Tafkin Chadi a kwalekwale mai yoyo, yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana kwarfar ruwa. Wai dorina ta taso musu ya daka mata tsawa ta nutse, har yau ba ta sake fitowa ba. Wai a Yamai masunta in sun gan shi tashi suke tsaye. Ni dai abin da na sani, kuma duk Zinder ta sani, kogin Yamai a kan gada ya ƙetare shi, cikin bas, yana barci. Ruwa mafi zurfi da ya taɓa shiga shi ne tabkin bayan gidansu, ranar ma wata tsohuwa mai wanki ce ta jawo shi da ƙafa. Amma yaya ne. Maigidana ya sunkuyar da kai. Aka kira Malam Chaibou a waya, ya saurara, ya ce, "To, in haka kuka gani."

Sai muka ji wata murya daga bayansa: "Wallahi ba za a bar ni ba!"

Gwaggo Mardiya ke nan, yayar Malam Chaibou. Aka ce mata mata ba sa zuwa neman aure. Ta ce ita ba neman aure za ta ba, shan iska za ta, kuma teku ba ta uban kowa ba ce. Ga shi uwarta Bafillata, shi kuwa Baffa Moutari Babarbare ne gaba da baya, kun san wasan da ke tsakani. Duk abin da ta gaya masa dole ya haɗiye.

Asabar da safe Baffa Moutari ya fito cikin babbar rigar shadda fara, an sha mata sitaci har tana iya tsayuwa ita kaɗai, aiki tun daga wuya har cibiya. Hula doguwa, baƙin tabarau. Goron ni na sayo da kaina a kantinmu na unguwa, fari da ja, manya, na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma cikin kwando. Na haɗa da kilishin da aka kawo mini daga gida, wanda nake ɓoye wa har ƴaƴana. Na ɗauko gilasiyar da muke sa ƙanƙara na ce a sa goron ciki saboda zafi.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Hassia, ni za ki koya wa adana ɗanyen kaya? Ni da Rungis? Mayar da akwatinki."

Na mayar.

A gar ɗin Part-Dieu suka haɗu. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ina gajiya, ina iyali, ina mutanen Paris. Gwaggo Mardiya ta kewaye shi sau ɗaya tana kallon rigar.

"Sannu Amiral, sarkin yaƙin ruwa. Yaƙi za mu ko aure?"

"Ke dai biyo ni, ƴar nono. Yau za ki ga ruwan da ya fi na ƙwaryarku."

Da suka isa Marseille suka shiga bato, mutane suna neman wurin zama a ƙasa cikin inuwa, shi kuwa ya ce matsorata ke zama ƙasa. Ya ja su sama, can gaba, ya tsaya ya buɗe ƙafafu, hannu a ƙugu. Cikin tashar ruwan kwance yake lumui.

"Ku duba," in ji shi. "Kamar kunu a kwano. Wannan shi ne tekun da ake ta zuzutawa? Malam Chaibou, in ka ji kanka yana juyawa ka gaya mini, kada ka ji kunya. Sirrin shi ne ka saki gwiwa. Ka gani? Haka."

Yana cikin nuna yadda ake sakin gwiwa bato ya fita daga tasha, ya gamu da ruwa na gaskiya. Ya ɗaga hanci sama, ya sauke. Ya sake ɗagawa. Iska ta shiga babbar riga ta ƙasa, ta cika ta tim, Baffa Moutari ya koma kamar tantin biki da aka manta ba a kafa wa turaku ba. Ya kama hula da hannu ɗaya, ya kama ƙarfe da ɗayan. Ya ji wani abu ya motsa a cikinsa, abin da bai taɓa sanin yana wurin ba. Fanken da na ba shi da safe ya tashi yana tambayar hanyar fita. Fuskarsa ta bar baƙi ta koma toka. A hankali ya durƙusa, ya kifa goshi a kan benci.

"Lafiya, Baffa?" in ji Abdul'aziz.

"Nafila nake."

"Nafila?" in ji Gwaggo Mardiya. "Ba alwala, da takalmi, alƙibla kuma tana ƙeyarka? Wace mazhaba ce wannan, ta Sevran?"

Ya zabura ya kai bakin ƙarfe ya mayar wa teku da fanke, sai dai bai duba inda iska ke kaɗawa ba, teku ta karɓi rabi ta maido masa rabi a kan aikin rigar. Wata tsohuwar Baturiya ta miƙo masa alewar na'ana'a ta ce, "Courage, monsieur." Ya karɓa, ya juya ga Malam Chaibou ya ce al'adar matuƙan Tafkin Chadi ce, sai ka fara ba kifi haƙƙinsu kafin ka wuce. Malam Chaibou ya gyara gilashinsa ya ce, "Allah Sarki."

Can sai ga ƙasa. Wani dutse a tsakiyar ruwa, da ƙaton gini mai hasumiya a kansa. Bato bai gama tsayawa ba Baffa Moutari ya ture mutum uku ya dira, ya rungumi wani turke kamar ɗan'uwansa da ya ɓata.

"Mun iso! Ku sauko!"

"Baffa, ba nan ba ne," in ji Abdul'aziz. "Wannan tashar farko ce, namu yana gaba."

"Rufe mini baki. Kai ka ga hoton ko ni?"

Malam Chaibou ya san wurin sarai, ya taɓa kawo ɗalibansa. Amma baƙo ba ya gyara wa wanda ya gayyato shi a gaban mutane, sai ya ɗauki dardumarsa ya sauko. Gwaggo Mardiya ta biyo. Bato ya yi ƙaho ya tafi abinsa.

"Otel ne," in ji Baffa Moutari, da ƙafarsa ta ji tudu muryarsa ta dawo. "Tsohon otel. Turawa suna son tsohon abu. Ku duba kaurin bangon nan, ko kilima mai sanyaya ɗaki ba sa buƙata."

Suka shiga. Ya leƙa nan, ya leƙa can, ya zaɓi wani ɗaki mai sanyi, ba kujera ba gado, da ƴar taga can sama mai sandunan ƙarfe. Ya ce saboda ɓarayi ne. Aka shimfiɗa darduma, ya ajiye kwandon goro a tsakiya, ya yi gyaran murya sau uku.

"Malam Chaibou, bayan gaisuwa da fatan alheri, mun zo ne a madadin ɗanmu Salim, wanda ya ga wani fure a gidanku..."

Sai ga wata mata mai ƴar tuta ta shigo, Turawa kusan ashirin a bayanta. Ta nuna bango ta fara bayani da Faransanci cewa a wannan ɗaki ake kulle fursunoni, wasu sun shiga da baƙin gashi sun fita da fari, wasu ba su fita ba sam. Turawan suka juyo suna kallon mutanenmu a zaune, wani har ya ɗauki hoto, yana tsammani suna cikin abin kallon.

Gwaggo Mardiya ta tafa hannu. "La'ilaha! Amiral, kurkuku ka kawo mu? Ɗiyar da muka yi wa karatu shekara shida, nan ka ga ya dace a ambaci sunanta?"

Malam Chaibou ya tashi, ya naɗe dardumarsa a tsanake, ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Ban iya karɓar goro a gidan yari ba."

Abdul'aziz ya ce mini a nan ya ji auren ya fara zamewa daga hannunmu. Awa guda suka yi a rana suna jiran bato na gaba, Gwaggo Mardiya tana tambayar Baffa lokaci lokaci ko ya kama musu ɗaki na kwana nawa.

Tafiya ta biyu minti goma ce kacal. Ya yi ta a kwance a ƙasan bato, ido rufe, yana karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa da ta ganin jinjirin wata.

Suka sauka Frioul. Gaskiya wurin yana da kyau, ruwan shuɗi ne kamar yadda ya ce. Abin da hoton bangon gar bai nuna masa ba shi ne mutanen. Bakin ruwa cike, maza da mata a kwance suna gasa jiki, abin da suka sa duka in an haɗa bai kai hular Baffa ba. Malam Chaibou ya kafe idonsa a kan takalminsa kamar yau ya fara ganinsa.

"Wannan babu shi cikin hoton," in ji Baffa Moutari. Ya buɗe hannuwan babbar riga hagu da dama ya zama labule, yana tafiya a karkace tsakanin Malam da bakin ruwa yana cewa, "Dubi hagu, Malam, akwai duwatsu masu kyau a hagu." Shi kansa kuwa wuyansa sai waiwaye yake dama, wai yana duba ko an wuce wurin.

"An wuce tun ɗazu, Amiral," in ji Gwaggo Mardiya. "Maido wuyanka kafin ya karye."

Suka yi ta tafiya, ba bishiya ko ɗaya, fararen duwatsu sai maido zafi suke, har suka samu wani lungu da ba kowa. Baffa ya buɗe kwando ya taɓa tsumman, ya bushe ƙayau, goron ya yi ɗumi. Abdul'aziz ya ce a yayyafa masa ruwan kwalba. Aka duba kwalabe, babu ko ɗigo. Baffa ya shanye duka a kurkuku yana kwantar da ciki.

"Ba komai," in ji shi. "Ga ruwa nan Allah ya zuba, ba iyaka. A kogi haka muke yi, a ɗaure kwando a saka shi ya sha sanyi."

"Baffa, ruwan gishiri ne fa," in ji Abdul'aziz.

"Na sani! Yau na zo Faransa? Goro yana da rigarsa, gishiri ba ya ratsa ta. Shekara ashirin da biyu ina cikin ɗanyen kaya. Miƙo igiya."

Babu igiya. Ya duba hagu, ya duba dama, ya juya baya, ya sa hannu ƙarƙashin riga ya yi ta ja, sai ga tazugen wandonsa ya fito zarar, dogo kamar na ɗaure raƙumi. Ya ɗaura a kwando, ya zura shi cikin ruwa, ya danne bakin da dutse. Daga wannan lokaci hannunsa na hagu ya samu aiki na dindindin: riƙon wando.

"Kafin ya yi sanyi bari mu taɓa kilishi," in ji shi. "Na Hassia ne, na gida."

Ya buɗe takardar da hannu ɗaya. Ƙamshi ya tashi. Wani farin tsuntsun teku, ƙato kamar zakaran da aka yi wa kiwon salla, ya sauka a kan dutse yana kallonsa da ido ɗaya. Abdul'aziz ya ce kada a ba shi. Baffa ya ce gidansu ba a taɓa cin abinci baƙo yana kallo ba, kuma yana so Malam Chaibou ya san irin gidan da ɗiyarsa za ta shiga. Ya yago ya jefa masa.

Tsuntsun ya haɗiye, ya ɗaga kai ya yi wani kuka. Ashe kiran dangi ne. Kafin ka ce me sama ta yi fari. Suka sauko ta ko'ina, ta gaba, ta baya, ta ƙarƙashin hammata. Baffa yana kaɗa hannu ɗaya yana ihu, "Kai! Kai! Ku ji mini ƴan fashi!" In ya saki wando ya kare kilishi, wando ya kama hanyar ƙasa. In ya kama wando, kilishi ya kama hanyar sama. Biyu daga cikinsu suka ɗauke faifan gaba ɗaya suka tashi da shi, ɗaya ya riƙe nan ɗaya ya riƙe can, na ukun kuma ya bar masa shaida a tsakar hula.

"Gida mai karamci," in ji Gwaggo Mardiya. "Har sun sa maka hatimi."

Duk da haka mutumin nan bai karaya ba, wannan kam zan ba shi. Ya goge hula a dutse, ya zauna, ya tattaro abin da ya rage na martabarsa, ya yi jawabin neman aure tun daga kakan kakan yaron. Abdul'aziz ya ce jawabin ya yi kyau, har Malam Chaibou yana gyaɗa kai. Da ya kai ƙarshe ya ce, "Ga goronmu," ya jawo tazuge. Kwando ya fito yana zubar da ruwa, ciyawar teku ta naɗe shi, da wata ƴar ƙaguwa zaune a kan goron kamar ita aka kawo wa. Ya karkaɗe ta, ya miƙa da ladabi.

Malam Chaibou ya yi bisimilla, ya ɗauki fari guda, ya ɓare, ya gatsa. Idonsa ya rufe. Kunnuwansa suka motsa. Hawaye ya taru a bayan gilashi. Amma malami ne, ya tauna har ƙarshe, ya haɗiye.

Gwaggo Mardiya ba malama ba ce. Ta gatsa ta furzar har ya kai ruwa. "Wayyo haƙorana! Wannan goro ne ko kantun gishirin Bilma? Amiral, raƙuma ka zo nema wa aure?"

Kowa ya zuba wa Malam Chaibou ido. In ya ɗaga hannu aka yi fatiha, an gama. Bai ɗaga ba. Ya share baki da hankici ya ce, "Mun ji. Za mu yi shawara."

Suka koma tasha, rana ta karkata, bato na ƙarshe yana jira. Iska ta ƙaru, ruwan ya fara fitar da farin kumfa, baton ma da ke ɗaure sai rawa yake. Baffa Moutari ya tsaya ya kalle shi. Ya kalli Marseille can nesa. Ya sami wani turke ya zauna.

"Ku tafi. Ni na iso."

"Baffa, wannan ne na ƙarshe," in ji Abdul'aziz.

"Na ce na iso. Ku gaya wa iyalina a Sevran su yafe mini. Nan ma akwai kwalaye, zan samu aikin turawa. Wallahi ƙafata ba za ta sake taka abin nan ba, ko da Salim zai mutu gwauro."

Ma'aikacin bato ya leƙo ya ce, "Monsieur, on part!" wato za mu tashi. Abdul'aziz ya roƙa, ya ja, ya tura, kamar ana tura ginin. Malam Chaibou ya duba agogo. In suka rasa wannan sun rasa jirgin Lyon.

Sai Gwaggo Mardiya ta matso tana warware mayafinta. "Ku ba ni wuri. A rugar kakannina in saniya ta ƙi ƙetare rafi, ba dukanta ake ba, ido ake rufe mata."

Kafin ya buɗe baki ta lulluɓe masa kai da mayafin, ja ne mai ƙyalƙyali, ya sauko har ƙirji. Ta kama hannunsa na dama. Na hagu kun san inda yake. Abdul'aziz ya tallafe gwiwar hannu. Abin mamaki, ya tashi. Yana tafiya ƙanana ƙananan taku saboda wando, kai a sunkuye, farar shadda tana jan ƙasa, kuka yana fita daga ƙarƙashin mayafi a hankali, "Wayyo Allah, wayyo inna."

To jama'a, ku rufe ido ku hango. Me kuka gani? Ita ma Gwaggo Mardiya shi ta gani. Ta kasa daurewa, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa har tsuntsaye suka watse.

"Yi haƙuri ƴar nan," tana faɗa da ƙarfi tana jan sa. "Daina kuka, kowa da haka ta tafi. Ki bi mijinki sau da ƙafa, ban da yawan surutu, ban da cika baki. Ɗaga ƙafa, ga dokin ƙofa."

Turawan da ke cikin bato suka ji guɗa, suka ga lulluɓi, suka miƙe tsaye gaba ɗaya suna tafi. Wani ya yi ihu, "Vive la mariée!" wato ran amarya ya daɗe, saura suka amsa. Wayoyi suka tashi sama. Aka buɗe wa amarya hanya, aka ba ta kujera mafi kyau, matuƙin bato ya danna ƙaho sau uku don taya murna. Tsohuwar nan mai alewar na'ana'a ta zo ta sumbaci mayafin ta ce Allah ya ba da ƴaƴa masu yawa. Shi kuwa Malam Chaibou, mutumin da tun zuwansa Faransa ba wanda ya taɓa ganin haƙoransa, ya zame ƙasa ya zauna daɓas yana dariya har gilashinsa ya faɗi, yana cewa, "Ku riƙe ni, ku riƙe ni."

Kafin jirginsu ya iso Lyon, bidiyon ya isa Zinder. Ƙanwata ta turo mini shi daga unguwar Birni tana tambaya ɗiyar wa aka kai.

Kwana uku ba mu ji komai ba, yaron nan ya daina cin abinci, ni na daina gane gishirin miya. Ranar Talata Malam Chaibou ya kira maigidana ya ce sun ba mu. Na yi sujada a kicin. Amma ya ce da sharaɗi ɗaya, kuma ba wasa yake ba: bakin da ya nema shi zai karɓa. Ranar ɗaurin aure Alhaji Moutari ne wakilin ango, in ba shi ba, shi ba zai buɗe baki ya bayar ba.

Ga damuwata. Baffa Moutari ya kulle kansa a Sevran. Ya ce ba shi ba ne a bidiyon, wa ya ga fuskarsa? Ya kuma rantse ba zai sake shiga garin da Mardiya take numfashi ba. Maigidana ya kira shi sau tara, sai ya ɗauka ya sauya murya ya ce an yi kuskuren lamba. Saura mako uku, an kama zaure, dangi sun fara ɗinki. Ita kuwa Gwaggo Mardiya ba a isa a ce ta zauna gida ba, ita ce uwar biki.

Shekaranjiya kuma ta aiko mini da saƙon murya, ladabi kamar gaske. Wai tana gaishe ni, wai ta kama mai ƙunshi, amma matar tana so ta sani tun yanzu: amarya ɗaya za ta yi wa ko biyu? Don in da ta gidanmu, ta ga ƙafar a bidiyo, lamba arba'in da huɗu ce, sai ta ƙaro lalle.

Don Allah ƴan'uwa, wanda ya san yadda ake fito da dattijo daga Sevran ya gaya mini. Kuma ita matar nan tana jiran amsa kafin Juma'a. Me zan ce mata?